Akwatin kiɗan Lawali: ganga ta zauna, kalangu ya ƙi magana

Lawali Mai Gyara: Assalamu alaikum jama'a. Akwatin nan da wasunku ke gani a rumfata ta Kasuwar Dole a nan Damagaram suna tambaya ko rediyo ce, to ba rediyo ba ce. Na'urar kiɗa ce. Tana ɗaukar sauti ta ajiye, in ka bugi fatar da ke samanta ta maido maka da shi, kuma kana iya jera mata bugu ta yi ta maimaitawa ita kaɗai. Ƙwaƙwalwarta ESP32 ce, irin WROVER mai ƙarin ma'ajiya. Sautin yana fita ta PCM5102A, mai juya lambobi su zama sauti, ya bi ta ƙaramin ampli PAM8403, ya faɗa bafil ɗin tsohuwar rediyon mota. Wurin bugu takwas ne. Kowane ɗaya faifan piezo ne mai jin bugu, na kwantar a kan robar tayar babur, na rufe da guntun fatar akuya da na samo a majema. A ƙasansu akwai maɓallai 16 a jere, kowanne da ƴar fitilarsa, nan ake jera kiɗan. Ganga ta zauna, tafi ya zauna, ƙwarya ta zauna. Kalangu ne ya ƙi. Na farko, duk yadda na jera bugun a gidajen nan 16, tafiyar ba ta kalangu ba ce, ɗingishi take yi. Na biyu, murya ɗaya gare shi, tan tan tan. Masana ku taimaka.

Alhaji Bashir: Wa alaikumus salam. Allah ya yi albarka Lawali. Na gan shi da idona ranar Alhamis, yara sun hana mutane wucewa ta gaban rumfar.

Habu Studiyo: Lawali, ni ba zan ɓoye maka ba. Wannan wahala ce kawai. Duk abin da ka lissafa FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, yana yinsa, har a talho ma akwai shi. Fiyanon Yamaha PSR da ke gabana yanzu haka, kiɗan kalangu cike yake a ciki, ƴan Kano sun daɗe da zuba shi suna sayarwa a kile, wato ƴar ma'ajiyar USB. Me za ka ƙera wanda ba a riga an ƙera ba?

Lawali Mai Gyara: Yaya Habu, fiyanonka nawa ne kuɗinsa? Kuma in wuta ta ɗauke a gidan biki a Mirya, da me za ka kunna shi? Nawa batir biyu ne na tsohuwar kwamfuta, yana shiga jakar goyo.

Habu Studiyo: Gurup, wato injin wuta, ake kai wa gidan biki, ba jakar goyo ba.

Malam Mutari: Habu, bar yaro ya yi aikinsa. Garin nan an zuba igwa a cikinsa zamanin Sarki Tanimu, tun ƙarni na 19, ba a jira an kawo daga Turai ba. Lawali, kafin mu je ga kalangu, faɗa mini da me na'urar take ƙirga lokaci tsakanin bugu da bugu?

Lawali Mai Gyara: Malam, da delay nake yi. In gudun kiɗan 120 ne a minti, ina ce mata ta jira mili-sakan 125 sannan ta matsa gida na gaba.

Malam Mutari: Lissafin daidai ne, hanyar ce ba ta da kyau. Bayan jiran nan na 125, na'urar tana ɓata wani lokaci wajen duba maɓallai da kunna fitilu da haɗa sauti, kuma lokacin nan ba ɗaya ba ne kullum. Wani zagaye ta yi sauri, wani ta yi nawa. Kunne yana kama wannan ko mai kunnen bai san sunan abin ba. Agogon da ya fi kowane gaskiya a cikin akwatinka shi ne wanda ke tura sauti zuwa PCM5102A, don shi ba ya jiran kowa. A nawa kake fitar da sautin?

Lawali Mai Gyara: Ƙwayar sauti 22,050 a sakan, bit 16, layi ɗaya.

Malam Mutari: To ka riƙa ƙirga ƙwayoyin sautin da suka fita. A gudun 120, kowane taku rabin sakan ne, ƙwaya 11,025 ke nan. In adadin gida ɗaya ya cika, ka matsa gaba, ka mayar da ragowar kan lissafi na gaba, kada ka zubar. ESP32 ƙwaƙwalwa biyu gare ta a ciki. Ba ɗaya aikin sauti kaɗai, ɗayar ta ji da maɓallai da fitilu.

Ashiru Jami'a: Malam, na raba lissafin nan sai na ga wani abu. 11,025 in aka raba huɗu yana ba da 2,756 da kwata. In aka raba uku yana ba da 3,675 cif, ba ragowa.

Ilu Zango: Ni ban san waɗannan lambobin naku ba, amma ukun nan da Ashiru ya ambata shi ne maganar. Na tsaya a rumfar na saurara. Lawali, ka tsaga kowane taku gida huɗu, alhali da yawa daga kiɗan da Baba, mahaifina makaɗin kalangu, ke yi uku-uku yake tafiya. Ka lura da ƙafar mai rawa ko ɗan dambe in ana masa kiɗa. Ƙafa ta sauka, hannu ya cika biyu, ƙafa ta sake sauka. Taku huɗu ya ba ka 12, ba 16 ba. Kai kuwa ka tura bugu 12 cikin gida 16, dole wani ya matse wani ya yi sakwa-sakwa. Ɗingishin ke nan.

Lawali Mai Gyara: Wallahi Ilu na ji a jikina haka ne. Ni dai duk na'urar da na gani a intanet maɓalli 16 gare ta, shi ya sa na bi.

Habu Studiyo: Wannan gadon Roland ne. TR-808 da suka fitar a 1980 ita ta zo da jerin maɓallai 16, duniya ta bi. Amma a yi musu adalci, ko ita sun sa mata wurin juya ma'auni zuwa uku-uku, a taƙaita gidajen zuwa 12. Masu kwaikwayo ne suke manta wannan.

Alhaji Bashir: Au, Habu, ashe kana biye.

Habu Studiyo: Ina biye mana Alhaji. Ban dai canza ra'ayi ba.

Ashiru Jami'a: Yaya Lawali, shawarata kada ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya. A cikin lissafi ka tsaga zagayen gida 48. Lambar nan tana rabuwa da 12, tana rabuwa da 16. Layin ganga ya riƙa sauka duk bayan gida 3 in huɗu-huɗu kake so, layin kalangu duk bayan gida 4, su tafi tare su haɗu a kan taku. Maɓallan kuma kada ka cire ko ɗaya. In an zaɓi uku-uku sai huɗun ƙarshe su mutu, fitilarsu ta ƙi kamawa.

Malam Mutari: Madalla da ɗalibi. In ma kana son ka yi nisa, MPC60 da Akai suka yi da Roger Linn a 1988 taku ɗaya tana tsaga shi 96. Amfanin wannan shi ne mutum ya buga da hannunsa, na'ura ta riƙe bugun inda ya faɗi, ba ta ja shi zuwa gida mafi kusa ba.

Ilu Zango: Malam, wannan na ƙarshen shi ya fi. Don ko 12 ɗin ba cif ake saukarwa ba. Kuntuku, ƴar gangar da ke raka kalangu, shi ne ke riƙe da lokaci ba ya motsi, shi kuwa babban kalangu wani lokaci ya riga shi da ɗan kaɗan, wani lokaci ya bari sai ya wuce sannan ya faɗo. Daɗin yana nan. In kowa ya sauka wuri ɗaya kamar fareti, ba mai tashi rawa.

Nasiru Kano: Sannunku da aiki. Ni tambayata daban ce. Lawali, a bidiyon da ka turo akwai wani kuka zuuu a ƙarƙashin sautin. Daga ina?

Lawali Mai Gyara: In tana kan batir babu. Sai in na sa caja.

Malam Mutari: Cajar ce. Ƙananan cajojin nan marasa nauyi suna zubo datti cikin layi. Ka haɗa duk wayoyin mas, wato na negatif, a wuri ɗaya, ka sa kondansater babba, kamar 1000 mikro, dab da ƙafar ampli, ka gajarta wayar da ke tsakanin PCM5102A da ampli. Wifi ma ka kashe shi, ba ka buƙatarsa. Mu koma kan kalangu, nan aikin yake.

Ilu Zango: To. Lawali, wa ya buga maka wanda ka sa a ciki?

Lawali Mai Gyara: Wani yaro ne ya turo mini ta WhatsApp, bugu ɗaya na yanko.

Ilu Zango: Shi ya sa. Kalangu ba ganga ba ne da za ka ɗauki bugu ɗaya ka ce ka gama. Yana rataye a kafaɗa, cikinsa a hammata. Tsarkiyar da ta haɗa fatar gaba da ta baya, in ka matse ta fata ta ɗaure murya ta hau, in ka saki ta sauka. Kuma ba kafin bugu kaɗai ake matsewa ba. Gula ta sauka, sauti na cikin fita, sai hannu ya matse, ka ji muryar ta lanƙwasa ta yi sama. Ko a buga a matse a saki, ta gangaro. Da haka ake kiran sunan mutum. Mahauci yana tsakar fawa a kasuwa, in Baba ya yi takensa daga nesa sai ya ajiye wuƙa ya ɗago kai, ba wanda ya buɗe baki. Hannun dama bugu kawai yake. Maganar a hannun hagu take. Akwatinka hannun dama kaɗai gare shi.

Habu Studiyo: Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa kalangun fiyano ba ya kiran kowa. Muna ɗan taɓa shi da ƙafar lanƙwasa murya da ke gefen hagu, amma yawancin yara ba sa ma kula ta.

Ashiru Jami'a: Ta ɓangaren lissafi abin ba wuya. Murya tana hawa in ka karanta sautin da sauri. Maimakon ka matsa ƙwaya ɗaya-ɗaya, ka matsa ɗaya da rabi, ka tashi daga do zuwa sol. Ka matsa biyu-biyu, ka kai do na sama. In matsayin ya faɗa tsakanin ƙwaya biyu, sai ka auna tsakaninsu gwargwadon kusancinsa da kowace, in ba haka ba sautin zai yi ƙaiƙayi. Saurin nan kuwa ana iya canza shi sautin na cikin fita, lanƙwasar da Ilu ke faɗa ke nan. Sharaɗi ɗaya ne, sautin ya kasance a cikin ma'ajiyar WROVER, ba a kan katin memwar ba, don katin ba ya amsawa da saurin da ake so.

Lawali Mai Gyara: Tun wajen kunnawa nake kwashe su daga kati zuwa ciki. Sakan ɗaya yana cin bayit 44,100, ma'ajiyar da nake iya taɓawa mega 4 ce, kusan sakan 95 ke nan.

Malam Mutari: Kai mai arziki ne ba ka sani ba. SP-1200 ta kamfanin E-mu, wadda ta fito a 1987, sakan 10 kacal take riƙewa, a bit 12, kuma da ita aka gina kiɗan rap mai yawa a Amurka. Har dabara suke yi, su juya faifan garmaho da sauri su ɗauka don ya ci wuri kaɗan, sannan su rage gudun a cikin na'ura. Amma Ashiru, akwai inda hanyarka za ta ba shi matsala. In ka ƙara gudu, ba murya kaɗai ke hawa ba. Sautin yana gajarcewa, ƙarar saukar gula a kan fata ita ma ta sirance, kalangun ya koma na wasan yara. Kalangu na gaske girman icensa ba ya canzawa don an matse shi.

Ashiru Jami'a: To Malam ya za a yi?

Malam Mutari: Kada a ja sauti ɗaya da nisa. A ɗauki bugu a sake, a ɗauka a tsakiya, a ɗauka a matse. Kowanne a ɗan ja shi sama ko ƙasa kaɗan har ya iske maƙwabcinsa. Na'ura ta duba inda hannun hagu yake lokacin da bugu ya sauka, ta zaɓi wanda ya fi kusa, daga nan ta bi hannun. Kowane mataki kuma a yi masa bugu mai ƙarfi da mai taushi, tunda piezo yana faɗin ƙarfin bugu. Sauti shida ke nan, ko sakan 6 ba za su cika ba.

Lawali Mai Gyara: Na gane. Saura hannun hagun kansa. Na gwada da abin murɗa murya na rediyo, amma kafin ka murɗa ka dawo kiɗa ya wuce.

Nasiru Kano: Ciro sandar manet ɗin PlayStation. Gidajen wasan yara cike suke da matattu. Tana da sifirin da ke maido ta tsakiya da kanta, babban yatsa kawai take so.

Ilu Zango: Babban yatsa ba hammata ba ne, Nasiru. Wanda ya saba da kalangu dantse da gwiwar hannu da yatsu duk suna aiki. In ka ba shi sandar wasa sai ya koyi sabon abu daga farko.

Hadiza Likita: Salamu alaikum. Ni ba ma'abociyar waya da dalma ba ce, karatu kawai nake ina jin daɗi. Amma tun da Ilu ya ce hammata wani abu ya faɗo mini. Na'urar awon tansiyo, wato hawan jini, irin mai batir ɗin nan, tana da jakar iska da ake ɗaura wa a dantse, da siririn tiyo da ke kai iskar ga wani ɗan abu a ciki mai auna matsi. Suna lalacewa da yawa, galibi famfon ne ko allon ke mutuwa, jakar lafiyarta lau. In aka ɗan hura jakar aka naɗe ta aka sa a hammata, ba matsewar ke nan ba?

Malam Mutari: Hajiya Hadiza, Allah ya ƙara basira. Ni da nake koyar da abin nan ban kawo wannan ba.

Habu Studiyo: Yanzu kuma makaɗi zai shiga fili da abin awon hawan jini a hammata. Allah ya kyauta.

Hadiza Likita: Malam Habu, ai sai a kai wa dukawa su ɗinka mata riga ta jar fata, har da tuntu. Wa zai sani?

Ashiru Jami'a: Na duba. Ana sayar da irin ma'aunin a haɗe da ɗan allonsa, MPS20N0040D tare da HX710B. Yana kai kilopaskal 40, wato kusan 300 a ma'aunin su Anti Hadiza. Illarsa, sau 40 kaɗai yake ba da awo a sakan in an sa shi a mafi saurinsa. Tsakanin awo da awo mili-sakan 25 ke nan.

Malam Mutari: Ga bugu wannan ya yi nawa, don bugu in ya makara fiye da mili-sakan 10 hannu yana ji. Ga matsewa kuwa zai iya wucewa, dantse ba ya gudun gula. Sai dai kada murya ta riƙa tsalle daga awo zuwa awo, a sa ta ta riƙa zamewa a hankali zuwa sabon matsayi. In an gwada an ga bai isa ba, a cire HX710B a sa ƙaramin ampli na awo, a kai kai tsaye ƙafar ESP32 mai karanta ƙarfin wuta. Nasiru, ana samu a wajenku?

Nasiru Kano: Zan duba Sabon Gari wajen masu kayan Arduino. In babu sai an yi oda. Duk abin da na samu zan ba direban da ke bi ta Maimujiya, kamar yadda muka yi da ESP ɗin.

Ilu Zango: Kafin a yi nisa ina da magana, kuma Lawali kada ka ji haushi. An ce a ɗauki bugu shida. Hannun wa? Na san inda za a zo, wajen Baba za a zo. Mutumin nan tun yana yaro yake bin mahaifinsa da kuntuku, da wannan ya ciyar da mu. Yau gidan biki nawa ake kiransa? Mai fiyano ɗaya da bafil biyu ya cinye aikin mutum biyar. Kalangun da Habu ke cewa cike yake a kile, ai wani ne ya buga shi, da hannu da gumi. Wa ya san sunansa? Wa ya ba shi ko dala? Yanzu a zo a kwashi hannun Baba a zuba a akwati, gobe a kwafa wa duk mai katin memwar daga nan har Agadas.

Habu Studiyo: Ilu, ka san ina girmama Baba. Amma bugu ɗaya tan ba waƙa ba ce. Ba wanda ya mallaki ƙarar fata. In haka ne mai akuyar ma sai a biya shi.

Ilu Zango: To ka ɗauki gula ka buga da kanka mana, tunda ƙarar fata ce. Me ya sa ake neman nasa?

Habu Studiyo: Ban ce ba gwani ba ne.

Ilu Zango: Abin da ka ce ke nan a fakaice.

Alhaji Bashir: Ya isa haka, ku duka ƙannena ne. Habu, a nan Ilu ya fi ka gaskiya. Ko a studiyonka in ka kira mai gurmi ya yi maka minti biyu ai kana sallamarsa. Akwai ma hukumar haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, da aka kafa don irin wannan, duk da ban ce bugu guda yana cikin lissafinsu ba. Mu dai tsakaninmu ba sai an kai can ba. A je da goro, a faɗa wa dattijo abin da za a yi da sautin ba rufa-rufa, a yanka masa abin da ya yarda da shi.

Lawali Mai Gyara: Ilu, ban ji haushi ba. Ni niyyata ba in sayar da sautin ba ce. Kuma ka duba yadda abin ya juya tun da Hajiya ta kawo maganar jakar iska. Wanda bai iya kalangu ba, in ka rataya masa wannan ba abin da zai fitar sai shirme. Sai mai hannun hagu. Ni ina ganin ƙannenka ne ma za su fi kowa morarsa, yaro ɗaya ya jera kuntuku da ganga a maɓalli, ya riƙe babban kalangu da kansa, ya karɓi bikin da mai fiyano ke karɓa.

Ilu Zango: In yaro ɗaya ya yi aikin uku, biyun ina za su?

Lawali Mai Gyara: Yanzu ma ai ukun duka suna zaune a gida.

Malam Mutari: Wannan ba a gama ta yau. Abin da zan ƙara shi ne, haɗa na'ura da kiɗan gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Mamman Sani ya yi shi da organ tun shekarun 1970, ya fitar da kaset a 1978, an daɗe ana jin kiɗansa a rediyo da talabijin na ƙasa tsakanin shiri da shiri. Daga baya wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi a 2013, da sunansa a kai. Inda nake so ku lura ke nan, da sunansa a kai. Lawali, akwatinka in an kunna ba ya rubuta komai?

Lawali Mai Gyara: Akwai ɗan allo, gudun kiɗa kawai yake nunawa.

Malam Mutari: To ya fara nuna sunan mai hannun kafin komai.

Hadiza Likita: Kuma don Allah kada wani ya ce zai je ya ɗauko tambari ko kakakin fada ya zuba a ciki. Na san halin yaran yanzu.

Alhaji Bashir: Wannan kam babu shi. Kayan Sarki ne, ba a busa wa kowa. Wanda ya kunna kakaki a bikin ƙanwarsa shi ya san abin da zai faɗa a fada a Birni.

Nasiru Kano: Lawali, batir ɗin fa? 18650 na tsohuwar kwamfuta in bazara ta zo garin nan ana haura digiri 40, akwati a rufe cikin rana.

Lawali Mai Gyara: Kowanne da allon caji TP4056 mai kariya, kuma na huda akwatin ta gefe. Ba na caji sai da dare.

Ilu Zango: Na yi wa Baba maganar bayan isha'i. Ya yi dariya da ya ji zancen abin awon jini, ya ce a kawo ya gani. Ya yarda a ɗauka, da sharaɗi. Bugu ɗai-ɗai za a ɗauka, ba zai yi taken kowa a gaban makirfo ba, don take na mai shi ne. Ba a ba kowa katin sai da saninsa. Kuma akwati na biyu da za a haɗa na gidanmu ne. Ya ce a zo da hantsi in fata ta sha rana, da sassafe a wannan sanyin muryarta a kwance take.

Lawali Mai Gyara: Na karɓa duka. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Da talho zan zo in ɗauka.

Habu Studiyo: Da talho? A'a. Talho yana matse sauti, yana kuma rage ƙarfi da kansa in ya ji bugu, sai ka rasa bambancin mai ƙarfi da mai taushi. In kuma aka tura ta saƙon murya an ƙarasa kashe shi. Tunda dai za a yi, a yi da kyau. Zan zo da makirfo da katin sauti na studiyo. A ɗaki mai katifa da labule za mu zauna, ba zaure ba, zaure amsa-kuwwa gare shi. Makirfo kamar taƙi biyu daga fata, a ɗauka a 44,100, ni zan yanke shirun da ke gaban kowane bugu in sauke maka zuwa 22,050 a WAV. Ban ce na yarda da akwatin ba.

Alhaji Bashir: Mun ji, ba ka yarda ba. Goro da kuɗin sallama a kaina.

Hadiza Likita: Jakar iska akwai guda a gida, ta tsohuwar na'urar mahaifiyata. Zan ba yaro ya kawo rumfa gobe.

Malam Mutari: Lawali, in kayan Nasiru sun iso, kada ka ɗora ma'aunin a ƙafa ta 16 ko ta 17. A WROVER ma'ajiyar ciki ce ke amfani da su, in ka taɓa na'urar za ta riƙa mutuwa tana tashi. Kuma kowane piezo ka tabbata da rezistans mega 1 a tsakanin ƙafafunsa da diyod na kariya, don ESP32 volt 3.3 take ɗauka, hannun Baba kuwa ba irin naka ba ne. Turo mini zanen wayoyin in duba kafin ranar.